Manasseh Nyam da Katangu Tara na Hollinrake

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Manasseh Nyam a shekarar 1951, cikin damina, a garin Bukuru da ke ƙasar Filato. Sunan mahaifinsa Da Nyam, Birom ne, ma'aikacin haƙar kuza. Sunan mahaifiyarsa Hana, 'yar ƙabilar Angas daga duwatsun ƙasar Fankshin. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

An ɗauko wannan tarihi ne daga bakin mai ɗakinsa, Ngo Kaneng, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, 'yarsu Monica ta rubuta, bisa sharaɗin kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Dalilin rubuta shi kuwa shi ne, hukumar da ke kula da gandun tsaunukan gabashin Manchester ta sa ranar da za ta kawo katafila ta rushe katangun dutsen da marigayin ya gina da hannunsa a gangaren Hollinrake, kuma ta rubuta a takardunta wai shi da kansa ya amince da haka. Bai amince ba. Wanda ya karanta zuwa ƙarshe zai ga yadda aka yi.

Zamansa a gidan kawunsa

A shekarar 1958 ramin kuza ya rufta da mahaifinsa, sai Hana ta kwashi 'ya'yanta ta koma ƙauyensu a kan dutse, ta damƙa Manasseh a hannun yayanta Gotom. Mutanen wannan ƙauye ba su da fili shimfiɗaɗɗe ko na shanya wanki. Gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, kowane hawa da katangar da ke tare ƙasarsa, a nan suke noma acha da dawa da wake tun kakannin kakanni.

A wurin Gotom ya koyi ginin katanga, kuma ya koye shi da ƙa'idojinsa. Ba a sa laka, ba a sa siminti. Kowane dutse yana jingina ne zuwa ga tudu, kamar mai neman ya huta. A gindi ana barin kafofi domin ruwa ya wuce, domin kuma ƙadangare da kwaɗo da bushiya su sami wurin shiga, tun da su ne ke cinye ƙwarin da ke cin amfani. Akwai kuma ƙa'idar da ta fi duka nauyi, ita ce ta warwarewa. Idan tilas ta sa za a kawar da katanga, ba a ture ta. Wanda ya gina ta, ko ɗansa, shi zai cire jerin sama da hannu, ya tafi ya bar ta a buɗe kwana uku domin mazauna cikinta su watse, sa'an nan ya dawo ya cire jeri na gaba, yana ajiye duwatsun a gefe bi da bi kamar yadda suka fito. Gotom ya taɓa hana wani maƙwabcinsa gaisuwa har shekara guda saboda ya ture katanga da ƙafa.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare ta mishan a Fankshin a shekarar 1960, yana saukowa daga dutse da ƙafa kowace safiya. Malamansa sun shaida cewa yana da kai, amma duk rahoton da suka rubuta a kansa sai sun ambaci abu guda: ba ya iya zama. Idan an ce a zauna, ƙafarsa na kaɗawa a ƙarƙashin benci, idanunsa na taga. Wannan hali bai rabu da shi ba har kabari.

Ya yi sakandare daga 1967 zuwa 1971, daga nan ya wuce makarantar koyon aikin gandun daji a Jos, inda ya kammala a shekarar 1974.

Aiki da aure

A wannan shekarar aka ɗauke shi aiki a ma'aikatar gandun daji, aka tura shi dasa itacen turare a kan tsofaffin filayen kuza da ke kewayen Bukuru. Ya yi aikin da gaskiya, amma bai ƙaunace shi ba, domin ya lura babu abin da ke tsirowa a ƙarƙashin itacen, ko tsuntsu ba ya son sauka a kai. Ya faɗa wa shugabansa haka sau uku, aka canza masa wuri sau uku.

A kasuwar Bukuru ya haɗu da Kaneng, wadda ke sayar da acha da dankalin turawa tare da mahaifiyarta. Ya zo sayen mudu ɗaya, ya tsaya yana yi mata bayanin cewa achan nata na kan dutse ne, ba na fadama ba, har ta tambaye shi ko saye ya zo yi ko wa'azi. An ɗaura musu aure a majami'a ranar Asabar, 18 ga Disamba, 1976. An haifi 'yarsu ta fari, Monica, a shekarar 1978.

Birmingham

A shekarar 1981 ya sami damar zuwa Ingila domin ƙarin ilimi a kan ƙasa da zaizayarta, ya sauka a birnin Birmingham. Kaneng da Monica suka biyo shi a shekara ta gaba, iyalin suka kama gida a unguwar Lozells. Ya kammala karatu a 1983, amma kafin ya shirya komawa sai labari ya iso cewa an ba wani kujerarsa. Mutumin da ya karanci ƙasa sai ga shi a masana'antar kayan mota, yana ɗaure ƙusa a tsaye daga safe zuwa yamma, shekara goma cur. Kaneng kuwa ta kama aikin shara da goge-goge a wani asibiti. An haifi Jedidiah a 1984, aka haifi Bethany a 1987. A 1989 an sami wani namiji wanda bai kai ranar suna ba, yana kwance a Birmingham.

Waɗannan shekaru ba su yi wa marigayin daɗi ba, kuma ba za a ɓoye ba, ba su yi wa wadda ke zaune da shi daɗi ba. Sau huɗu ya tayar da iyalinsa daga gida zuwa gida a cikin Lozells ɗin nan, kowane gida sai ya ce rufin ya danne shi. Ranar da babu aiki yakan bi bakin magudanar jiragen ruwa da ƙafa har takalminsa ya huje. A ɗan tsakar gidan da ke bayan gida na ƙarshe ya tara fasassun bulo, ya gina katanga mai tsayin gwiwa, ya warware, ya sake ginawa, har maƙwabta suka fara tambayar Kaneng ko mijinta lafiya. Ta ce musu lafiyarsa ƙalau, dutse yake nema.

Manchester

An rufe masana'antar a shekarar 1993. Ya je Manchester neman aiki, yana saman bas a kan hanyar Stockport sai ya hango tsaunuka daga gabas, baƙi-baƙi, gajimare na zaune a kansu. Ya dawo ya shaida wa iyalinsa cewa za a tashi. Ba shawara ya nema ba. A watan Maris na 1994 suka tare a unguwar Gorton, council, wato hukumar birnin, ta ɗauke shi aikin kula da lambunan shaƙatawa, kuma a wannan gida ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, abin da ya ba kowa mamaki.

Tun daga makon farko ya mayar da kowace Asabar ranar hawan dutse. Ƙasar da ya tarar a can ƙasa ce ta makiyaya tumaki: katangun dutse marasa siminti sun raba filaye tun ɗaruruwan shekaru, akwai rumbunan dutse na ajiye ingirici, a can sama kuma baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso. Ya lura tsofaffin manoman wurin ba sa yanke ciyawa sai furanni sun zubar da iri, kuma su ma suna barin kafa a gindin katanga domin zomo ya wuce. Ya dawo gida ya ce, “Maman Monica, mutanen nan sun san abin da Kawu ya sani.” Ta ce to, ya cire takalmin a waje.

Haɗuwarsa da Mista Bagshaw

Wata Asabar a shekarar 1996 yana wucewa ta gonar da ake kira Hollinrake, sai ya ga katanga ta zube, tumaki na fita ta wurin. Bai nemi mai gona ba. Ya tuɓe kwat ya kama gyara. Ya kai rabi sai ga wani tsoho da kare, ya tsaya a bayansa yana kallo har aka sa dutsen ƙarshe. Sa'an nan tsohon ya tura katangar da gwiwa, ba ta motsa ba.

Ya ce, “Wa ya koya maka?”

Manasseh ya ce, “Kawuna.”

“Kawunka ya iya aiki. Akwai wata a can ƙasa, ta fi wannan lalacewa. Ina nan Asabar mai zuwa.”

Wannan tsoho shi ne Mista Bagshaw, mai gonar, wanda kakanninsa suka yi kiwo a wurin. Daga ranar suka zama abokan aiki har shekara ashirin, kuma an tabbatar duk maganar da suka yi a tsawon wannan lokaci ba za ta cika shafi biyu ba.

A kakar shekarar 2000 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gangaren da ke bayan gidan gonar ya zame gaba ɗaya, ƙasa da duwatsu suka gangaro har bakin rafi, aka bar jikin tudun tsirara. Mista Bagshaw ya ce wannan wuri ya mutu. Manasseh ya ce bai mutu ba, a ba shi. A watan Afrilu na 2001 ya ɗauki maƙwabcinsa kuma amininsa, Malam Musbahu mai tasi, a matsayin shaida, Kaneng ta dafa gwaten acha aka tafi da shi a kula, suka zauna a kicin ɗin tsohon. Manasseh ya bayyana irin ginin da zai yi, Mista Bagshaw ya ce, “Yi abin da ka ga dama da shi,” suka yi musafaha, aka ci abinci a kwano ɗaya. A ƙauyen Gotom, magana a gaban shaida da cin abinci tare ta gama komai. Babu wanda ya tuna da takarda. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ba a musunta shi.

Katangu tara

Daga 2001 zuwa 2012 ya gina katangu tara a jikin gangaren, hawa bisa hawa, daga bakin rafi zuwa sama, da duwatsun da tudun ya zubar da kansa. Bai shigo da dutse ko ɗaya daga wani wuri ba. Yakan ɗebo ƙasar da ta taru a ƙasa a bokiti ya hau da ita. Ya roƙi Mista Bagshaw ingiricin tsohon filinsa ya shimfiɗa a kan kowane hawa domin irin furannin ya zuba a ciki. Farcensa biyu sun fita a wannan aiki, ba su sake tsirowa daidai ba. Daga cikin 'ya'yansa Bethany ce ta fi bin sa, tun tana jami'a har bayan ta yi aure, ita ce ta koyi yadda ake jingina dutse.

Abin da ya biyo baya, duk mai ido ya gani. Ƙasa ta tsaya. Ruwan rafin da ya zama jajawur ya koma garau. Gansakuka ta rufe duwatsu, furanni rawaya da shuɗi suka cika hawa-hawan, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suka biyo su. Kwaɗi da ƙadangaru suka tare a kafofin gindi, bushiya ta haihu a katanga ta huɗu. A shekarar 2014 wasu ɗalibai suka zo da littattafansu suka ƙirga irin tsiro arba'in da ɗaya a wurin da a da babu ko shida. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai farin gindi da ya fara yin sheƙa a cikin katangun, wanda marigayin ya rantse ya san shi tun yana yaro, yana ganinsa a kan duwatsun Fankshin da rani. Ɗaliban suka ce gaskiya ne, daga Afirka yake zuwa kowace shekara. Shi dai har yau ba a ji an ce sheƙarsa ba ta dace da yankin ba.

Ya yi ritaya daga council a shekarar 2016, daga nan Asabar ta zama kullum. Kaneng ba ta hau wurin ba sai sau biyu, saboda ciwon gwiwa, kuma ba za a ce tana son tudun ba, domin ya ci mata miji shekara da shekaru. Amma ta ga abin da aka yi a wurin.

Sauyin hannu

Mista Bagshaw ya rasu a ƙarshen 2016. Marigayin na cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa. Magadansa ba manoma ba ne, suka sayar da gonar ga hukumar gandun a shekarar 2018. Jami'an farko sun yaba, har suka sa hoton katangun a ƙasidar da suke raba wa masu yawon buɗe ido, suka rubuta a ƙasa wai aikin 'yan sa-kai ne. Waɗanne 'yan sa-kai? Mutum ɗaya ne da 'yarsa. Monica ta so ta rubuta musu, ya hana ta, ya ce kwaɗo bai iya karatu ba.

A shekarar 2022 hukumar ta sa aka yi mata binciken dukan filayenta. A watan Yuni na 2023 wasiƙa ta iso Gorton. An ce katangun Hollinrake ba su dace da tsarin gargajiya na yankin ba, domin katangun yankin na raba fili ne, ba na tare ƙasa hawa-hawa ba. An ce babu izinin gina su a rubuce. An ce za a kawar da su a mayar da gangaren yadda yake a asali. To, yadda yake a asali ai shi ne ya zube a shekarar 2000. Wanda ya rubuta rahoton bai ga wannan ba, domin bai tambayi kowa ba.

Daga ranar da Monica ta karanta wannan wasiƙa a falo, marigayin bai sake cin abinci a zaune ba.

Zaman watan Agusta

Iyalin suka nemi a saurare su, aka ba su rana a watan Agusta. Manasseh ya je da Kaneng, da Jedidiah wanda ya taso daga Birmingham, da Malam Musbahu. Jami'in da ya karɓe su mutum ne mai ladabi, ya ba su shayi, ya ce yana girmama ƙoƙarin da aka yi. Sa'an nan ya tambaya ko akwai takarda daga Mista Bagshaw.

Malam Musbahu ya ce, “Ni ne takardar. A gabana aka yi, har na ƙara gwate.”

Jami'in ya yi murmushi, ya ce abin takaici dokarsu ba ta karɓar wannan. Kaneng ta faɗi wata magana da Hausa ta ce wa Jedidiah ya fassara. Jedidiah ya ce, “Mama, wannan kam ba zan fassara ba.” Ta ce to don me aka kai shi makaranta.

Manasseh bai yi gardamar takarda ba. Tambaya biyu ya yi: yaushe, kuma da me. Aka ce a watan Janairu, da katafila, domin lokacin tsuntsaye ba sa sheƙa. Ya ce a watan Janairu tsuntsaye ba sa nan, gaskiya ne, amma kwaɗi da ƙadangaru da bushiya duk suna cikin katangun suna barcin sanyi, ba za su iya gudu ba, za a niƙa su ne da duwatsun. Jami'in ya ce za a bi ƙa'ida, ya rubuta wani abu, ya duba agogo.

Kakar ƙarshe

Da suka dawo gida ya sanar da iyalinsa cewa zai warware katangun da hannunsa kafin sanyi ya shigo, tun mazauna cikinsu na da ƙarfin tafiya. Jedidiah ya ce, “Baba, kada ka taɓa. Muna da damar appeal, mu ɗaukaka ƙara. In ka cire dutse ɗaya za su ce ka yarda.” Kaneng ta ce, “Baban Monica, ka ji abin da yaron nan ya faɗa. Mutanen nan ba su san kwana uku ba, ba su san Kawunka ba. Abin da ido ya gani za su rubuta.”

Ya ce, “Su rubuta. Ni na buɗe wa halittun nan ƙofa suka shiga. Ba zan zauna a Gorton ina shan shayi a niƙa su ba.”

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma an gaya masa.

Ya fara a makon farko na Satumba, 2023, daga katanga ta tara, ta can sama, yana da shekara saba'in da biyu. Yakan cire jeri ɗaya, ya jera duwatsun a gefe bi da bi, ya bar wurin kwana uku, ya dawo. A kwana ukun nan na jira ba ya zama, yana zagaya gida daga ƙofar gaba zuwa ta baya har Kaneng ta ce ya fita ya zagaya kasuwa. Kwaɗin da suka ƙi tashi yakan sa su a bokiti ya kai su tsohuwar katangar Mista Bagshaw. Aikin da ya ɗauka zai gama kafin sanyi bai tafi yadda ya so ba, domin ƙa'idar ba ta gaggawa ba ce, kuma ya ƙi ya rage ko kwana ɗaya. A mako bakwai katanga biyu kawai ya warware, ta tara da ta takwas. Wani ma'aikacin hukumar ya wuce ya same shi a kai, ya gaishe shi, ya ɗauki hoto.

A ƙarshen Oktoba ruwa mai ƙarfi ya same shi a saman tudun, ya ƙi saukowa sai da ya gama jera duwatsun ranar. Malam Musbahu ya ɗauko shi yana rawar ɗari. Ya yi mako guda yana tari yana ƙin ganin GP, likitan unguwarsu, yana cewa katanga ta bakwai na jiransa. Ranar da ya kasa ɗaura igiyar takalminsa Monica ta kai shi asibiti, aka ce ciwon huhu ne.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, da hantsi, a gaban mai ɗakinsa da 'ya'yansa uku. An yi masa sujadar jana'iza a majami'arsu ranar Juma'a, 1 ga Disamba, aka rera waƙoƙi da Hausa da Birom, aka binne shi a maƙabartar da ke gabashin Manchester. Mutanen Filato na Manchester da na Birmingham sun halarta, haka ma Malam Musbahu da jama'ar masallacin Longsight, da wasu manoma uku daga tsaunuka waɗanda suka tsaya a baya da hulunansu a hannu. Daga hukumar gandun ba a ga kowa ba.

Abin da ya biyo baya

A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta aiko da wasiƙar ta'aziyya. A sakin layi na biyu ta ce, tun da marigayin ya fara kawar da katangun da kansa, kamar yadda hoto ya nuna, an ɗauka ya amince da hukuncin, don haka an rufe maganar. Ƙarya ce. Mutumin da ya ga za a ƙone gida ya shiga ya fito da masu barci, ba shi ya yarda a ƙone gidan ba. An rubuta musu wannan sau huɗu, sau huɗu suna amsawa da cewa suna girmama ƙoƙarin da aka yi. A daina girmamawar, a karanta wasiƙar.

A lokacin sanyin nan, ruwa ya tsaga kwazazzabo a daidai inda aka cire katangu biyun, ya kwashe ƙasar shekara goma sha wani abu, ya zo ya daki katanga ta bakwai, ita ce ta tare shi. Duk wanda yake so ya ga yadda gangaren yake a asali, ya hau ya duba. Saboda ƙorafin da iyalin suka shigar tun kafin Janairu aka ɗage aikin shekara guda, yanzu kuma an sa ranar Litinin, 13 ga Janairu, 2025.

Abin da Ngo Kaneng take nema ba ta'aziyya ba ce, ba kuma allo mai sunansa ba. A goge kalmar nan ta amincewa daga takardunsu, domin bai faɗe ta ba. A kuma bar abin da ke tsaye a tsaye.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar mata ɗaya, Ngo Kaneng Manasseh, a Gorton, da 'ya'ya uku: Monica, ma'aikaciyar jinya a Manchester, Jedidiah, injiniya a Birmingham, da Bethany, malamar makaranta a Longsight. Ya bar jikoki biyar.

Tun watan Mayu na wannan shekara ta 2024 Bethany da Jedidiah suke hawa Hollinrake kowace Asabar, Malam Musbahu na kai su. Sun tarar da duwatsun a jere yadda mahaifinsu ya ajiye su, jeri bayan jeri, babu wanda ya ɓata, sai suka fara mayar da su daga na ƙarshe zuwa na farko. Bethany ke ginawa, injiniyan ke miƙo dutse. Ba a nemi izinin kowa ba, kuma wannan karon an rubuta a takarda, ga ta nan. Ranar 13 ga Janairu Ngo Kaneng za ta hau tudun karo na uku, da gwiwar da komai, za ta zauna a kan katangar farko ta bakin rafi, inda katafila za ta fara biyowa.

A wasiƙarta ta ƙarshe hukumar ta ce katangu bakwai za ta rushe. Gara ta gyara lissafinta. Takwas ne yanzu.

Allah ya ba Manasseh Nyam hutun da bai taɓa yarda ya yi a duniya ba. Amin.